Asabar Ɗin Obadiah Ba Tasa Ba Ce

Duk mai bin motar safe daga Nyanya zuwa cikin gari ya san Obadiah Kure, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dattijon nan dogo siriri mai kafaɗa ɗaya sama ɗaya ƙasa, kamar rigar da aka rataye a ƙusa aka manta da ita. Mutumin Yangoji ne, can wajen Kwali, Gbagyi uwa da uba. In ka tsokane shi kan kafaɗar sai ya ce maka ai su tun kakanni a kafaɗa suke ɗaukar kaya, ba sa wulaƙanta kai. Cika baki ne kawai. Jakar golf ce ta karkatar da shi.

Kadi ne, wato mai ɗaukar wa manya jakar sanduna a filin golf, yana bin su a baya kamar jela. Yankan ciyawa ne ya kawo shi filin tun yana saurayi, wai zai yi rani ɗaya ya sayi keke ya koma gona. Keken dai ya saya, ya hau shi har ya mutu, 'yan gwangwan suka ɗauke gawar, Obadiah yana nan. Abin da ya riƙe shi kuwa mutum ɗaya ne, Alhaji Aminullahi, wani tsohon babban ma'aikacin gwamnati ɗan Zariya. Wata rana ya hango shi da adda cikin ciyawa, ya ce wa shugaban 'yan kadi, "Ba ni wancan dogon." Shi ke nan fa. Tun daga ranar ba wanda ya sake taɓa jakar Alhaji.

To ku ji irin jakar. Kowa a filin nan da sandar ƙarfe yake bugu, mai sheƙi, wata ma ba ta fi ludayi nauyi ba. Alhaji kuwa sam. Nasa sandunan na zamanin Turawa ne, kan ƙarfe, ƙota ta wani itace da ake ce wa hikori, an naɗe wuyan da baƙin zare, mariƙin fatar ya yi baƙi ƙirin don tsabar gumi. Wai babansa ya yi wa wani Bature akawu a Jos, da Baturen zai koma ƙasarsu ya bar masa jakar. Alhaji ya gaje ta, kuma ya fi ji da ita kan wasu daga cikin 'ya'yansa. Wannan ba ni na faɗa ba, direbansa Sadisu ne.

Kuma ba shi kaɗai ke da wannan ciwon ba. Akwai wasu tsofaffi irinsa, ana ce musu 'yan katako. Duk Asabar da sassafe sai su taru sun ci ado irin na hotunan da: wando ya tsaya a gwiwa ya kumbura kamar an hura shi, doguwar safa mai zane-zane, farar shat da naktaye, ga hular hana-salla baje kamar faifai. A ranar Abuja fa! Jama'a, mutum da jikoki, da hawan jini, ya shaƙe wuyansa da kansa ya fito yana bin ƙwallo. Mu masu sayar wa 'yan kadi shinkafa da wake a bayan rumfa, in za su wuce sai kowace ta tura kai cikin tukunya kar a ga haƙoranta.

Sandar katako kuwa jaririya ce. Ba a jingine ta a bango saboda gara. Ba a barin ta a but ɗin mota, zafi ya lanƙwasa ta. Raɓa ta taɓa ta, sai an goge. Obadiah ne ke shafa musu mai, ya sake naɗa zaren in ya warware, ya rataye su ɗaya bayan ɗaya a wani ɗaki a gidan Alhaji da ke Asokoro, ɗakin da ya fi nasa na Nyanya faɗi da iska. Wannan shi ne aikin da kowa ya sani.

Sai ɗayan aikin, wanda ba a faɗa. Sandar katako ba ta da yafiya, ka kauce kaɗan ƙwallo ta yi daji, hannun Alhaji kuma ba na da ba ne. To Obadiah yakan riga shi isa wurin da dogayen ƙafafunsa, ya zare silifa, ya cafki ƙwallon da yatsun ƙafa, ya ɗan yi gaba yana ta dube-dube kamar bai gan ta ba, ya saki abarsa a wuri mai kyau, sannan ya ɗaga hannu. "Ga ta nan, oga!" Shi ya sa kullum wandonsa mai faɗin ƙafa ne. Wadda ta faɗa rafi ma sai a tsince ta a gaɓa, a bushe. Duk kadi yana yin haka, kar wani ya yi muku rantsuwar banza, amma na Obadiah ya wuce misali, har Alhaji ya yi imani shi mutum ne mai sa'a. Ka ji shi yana gaya wa abokai, "Ni fa ƙwallona ba ta ɓata."

Da Alhaji mugu ne da abin ya zo da sauƙi. Mugun oga ai ranar da ka gaji sai ka ajiye masa kayansa ka kama gabanka. Wannan kuwa, lokacin da aka yi wa Magdalene matar Obadiah aiki a asibitin Gwagwalada, da kansa ya je ya zauna kan benci da babbar riga har aka fito da ita. Shi ya kai 'yarsu Rosemary makarantar nas. Duk Kirsimeti ga buhun shinkafa ga akuya. Bai taɓa ce masa "kai yaro" ba, sai dai "Malam Obadiah". Irin wannan ta ina za ka fara?

Magdalene ta daɗe da komawa Yangoji, ta ce ba za ta mutu a ɗaki ɗaya tana layin banɗaki da 'yan haya ba. Ita ke riƙe da gonar baban Obadiah, wata shimfiɗaɗɗiyar gona a bakin rafi, tana noma ɗan abin da ƙarfinta ya kai, sauran ya zama daji. Shi kuma sai ran Litinin da ake rufe filin ya leƙa, ya kwana, ya juyo.

Gona a bar ta daji a kusa da Abuja kuwa nama ne aka ajiye wa mage. 'Yan estet, masu sayen fili su gina gidaje, suna ta zagaye da motoci suna kafa turaku. Don haka dangi suka zauna, Baba Dominic, ƙanin baban Obadiah kuma babban gidan, ya yanke magana: gona ta mai noma ce. Bana Obadiah ya dawo gida da zama, ya kira gayya, ya tsaya a gonarsa ya tara tudun doya na farko da hannunsa kamar yadda ake yi. In ba haka ba, a ba Enoch, ɗan shi Baba Dominic ɗin, mai samari a gida. Gayya kuwa ran Asabar ake yi, don sauran ranaku samari suna makaranta ko wurin aiki, Lahadi kuma coci.

Magdalene ta bugo masa waya yana tsaka da goge sanda.

"Baban Rose, ruwa ya sauka, ƙasa ya yi laushi. Bayana ya ƙare. Ka zo ka tsaya a gonan babanka, ko ka gaya mini in daina kashe kaina."

"Ina zuwa."

"Ina zuwa, ina zuwa. Tun ina da haƙori duka kake zuwa. Kai mutum ka aura ko sanda?"

Kar ku ɗauka ba ya so. Wallahi yana so. Gwiwarsa ta fara ƙara in zai hau tudu. Ya gaji da tashin asuba yana kokawar mota a Nyanya da yaran da ya girme su da haihuwa. In yana tafe bayan Alhaji kan ciyawar nan da ake shayarwa kullum ba a cin komai a cikinta, ƙasar yake kallo yana raya irin doyar da za ta yi. Matsalar ɗaya ce: bakinsa ba zai iya buɗewa a gaban Alhaji ya ce zan tafi ba. Mutumin da ya ci gishirinsa tun yana saurayi? Ai irin wannan magana aike ake yi. Sai ya nemi Sadisu direba, wani Bakatsine mai bakin zuma, ya same shi a wurin fakin yana cin gyaɗa.

"Sadisu, ka taimake ni ka gaya ma oga. Ka ce na gode. Ka ce na tsufa. Ka ce ina so na koma gida gaba ɗaya."

"Gaba ɗaya? Haba Baba Obadiah, ai ba a jefa wa babba magana kamar hoge. Bar ni da shi, zan shafa mata mai."

Ya kuwa shafa mata mai har ta suɓuce. Abin da ya isa kunnen Alhaji a mota shi ne, "Ranka ya daɗe, Obadiah fa yana cikin damuwa. Gonarsa ce ba mai noma masa, 'yan uwa suna neman karɓewa."

"Don wannan? Shi ne bai faɗa mini ba? Allah sarki, mutumin nan akwai kunya."

Alhaji bai ce wa kowa komai ba, wai zai yi masa ba-zata. Kwana kaɗan sai ga mota Hilos mai baƙin gilashi ta shiga Yangoji, tarakta na bin ta, leburori a baya, har da wani mai hular kwano ya fito da tef yana auna gonar don a san yawan aikin.

Yo ku gaya mini, a ƙauyen da ke gefen Abuja, baƙi su zo da Hilos su fara auna gona, me ke nan? An sayar! Ba wanda ya tsaya tambaya. Mata suka ɗora hannu a ka suna kururuwa, samari suka fito da gora da adda. Mai tef ya bar tef ɗinsa a nan. Direban tarakta da baya da baya ya fita har bakin titi. Ran Lahadi Magdalene ta shiga coci, duk bencin da ta zauna sai ya zama nata ita kaɗai. Baba Dominic ya kira Obadiah yana huci.

"Ka sayar ma Alhaji kabarin ubanka? Nawa ya ba ka?"

Abin takaicin, duk da haka sai da Obadiah ya je falon Alhaji ya durƙusa ya yi godiya. Ai alheri aka yi masa. Alhaji ya yi dariya ya ce mutanen ƙauye ke nan, kar ya damu.

A motar komawa Nyanya, a matse tsakanin wata mai kifi da ƙofar da ba ta rufuwa, dabara ta zo masa. Tunda shi ba zai iya cewa zai tafi ba, to bari a kore shi. Kora ba butulci ba ce. Ba wanda zai ce Obadiah ya ci ya goge baki.

Ran Asabar ya zo da takalmi sau-ciki, ya ɗaure igiya tam.

Bugun farko ƙwallon ta yi dama ta shige ciyawa. Obadiah ya je ya tsaya a kanta inda take, cikin wani kwari, ya ɗaga hannu ba tare da ya ce komai ba. Alhaji ya zo ya dubi wurin, ya dubi Obadiah, ya karɓi sanda. Sai da ya sari ƙasa har ya gaji kafin ta fito. A rami na gaba ta faɗa rafi, ta kuma zauna a rafin kamar ta kowa. Can gaba wata ta ɓace ɓat. Barista Bello, wani ɗan katako gajere mai tumbi da ba ya raga wa kowa, abin nema ya samu.

"Alhaji, yau sa'ar ta tafi Umara ne?"

"Buga naka, Barista."

"A'a, tambaya nake. Ko a kira mata waya?"

Alhaji ya yi gaba abinsa. Shat ɗinsa ta manne a baya, naktaye ya karkace, ƙaya ta cika safar. Obadiah yana biye da jaka, yana ce wa kansa daure, daure, yanzu zai fashe. Ya ma shirya fuskar da zai yi in an ce ajiye jakar ka ɓace mini.

Wajen tsakiyar fili ƙwallon ta je ta maƙale tsakanin saiwoyin wata ɗorawa. Kadi mai hankali cewa zai yi oga a ɗauke ta a ci tara. Obadiah ya ja bakinsa ya miƙa masa sandar da ya fi so, wata mai faffaɗan kai da yake fita da ita daga yashi. Alhaji ya gyara tsayuwa, ya ɗaga, ya sauke da ƙarfinsa duka. Ƙas! Kan ƙarfen ya yi tsalle ya faɗa can, guntun itacen ya rage a hannunsa da zare yana reto.

Alhaji ya ce su Barista su wuce, zai huta. Ya zauna kan saiwar, ya cire hular ya ɗora a gwiwa, yana ta juya guntun sandar a hannu.

"Malam Obadiah, zo kusa."

To, ga ta nan, in ji Obadiah a ransa. Ya matso ya durƙusa.

"Tun bara ƙwallon nan biyu-biyu nake ganin ta. Likita ya ce idon tafiya yake yi. Ban gaya wa Khairat ba, ka san halin 'yar nan tawa, in ta ji za ta kulle ni a falo da rimot a hannu sai dai a fitar da gawata. Ina ta ce wa kaina ai wasan bai lalace ba, ashe da saura. Yau na tabbatar." Ya share fuska da hankici. "Na ga sai wani sunkuyar da kai kake yi. Ba laifinka ba ne, ka ji? Kai ka yi iya yinka. Yanzu dai kai ne idon nawa."

Kai, duniya! Mutum ya ƙulla a kore shi, an ƙara masa matsayi. Don tsabar ruɗewa sai maganar da Obadiah ya kasa yi shekara da shekaru ta faɗo da kanta.

"Ranka ya daɗe, ina so na tafi gida."

"Je ka mana, ka huta. Juma'a sai Sadisu ya ɗauko ka."

"Ba haka ba, oga. Wato gida… gonan…"

"Na sani, na sani. Ni na ɓata abin nan da tarakta. Bar shi a hannuna."

Ran Litinin Obadiah ya ƙulle kayansa kaf a jakar Gana-mas-go, ya bar wa maƙwabcinsa makullin ɗaki, ya hau motar haya, ya kashe waya tun daga Gwagwalada. Ya ce in ba a ji shi ba ai za a gane.

A Yangoji sai da ya sha zagi tukuna. Ya zauna a ƙasa gaban Baba Dominic da sauran dattawa, ya yi bayani tun daga Sadisu har tef, ya ce a kawo Baibul ya dafa. Da ƙyar aka yarda. Baba Dominic ya ce to shi ke nan, Asabar mai zuwa gayya, a gaya wa samari. Enoch yana gefe yana sakace.

'Yan kwanakin nan Obadiah ya zama wani mutum daban. Ya kai tsohuwar garmar babansa maƙera aka yi mata baki, ya sassaƙa mata sabuwar ƙota. Ya shiga gonar yana sare daji, hannunsa da ya saba da mai da tsumma ya yi ƙulu-ƙulu da bororo, yana nuna wa Magdalene yana dariya kamar an ba shi lambar yabo. Ita kuma ta jiƙa dawa ta abin shan 'yan gayya, ta aro manyan tukwane, mata suka dawo suna shigowa gidan kamar ba su ne suka bar mata benci ba. Har waƙa aka ji tana yi a bakin murhu. Ya yi barci har rana ta fito, abin da ya manta yadda ake yi.

Ran Juma'a bayan la'asar yana zaune a ƙofar gida yana ɗaure ƙotar, sai ya ji yara suna ihun mota. Baƙar jif ce ke tahowa a hankali tana tsallake kwazazzabai. Ya san ƙarar injin kamar yadda ya san tarin matarsa. Ya ce a ransa Sadisu ne, zan ce masa ya juya. Sai aka buɗe ƙofar baya.

Alhaji ne da kansa. Farar babbar riga, hula zanna, carbi a hannu. Sadisu ya shiga sauke ƙwaryar goro da buhun gishiri da katan-katan na lemo. Alhaji ya tambayi ina babban gida, aka nuna masa Baba Dominic a gindin mangwaro. Mutumin nan da a da sai ka yi sati kana zarya kafin ka ga ƙofar ofishinsa, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya tako ƙasar Yangoji da safa, ya tsuguna gaban tsohon da ke sanye da singileti mai huji. Kafin ka ce me, rabin ƙauyen ya kewaye wurin.

"Baba, haƙuri na zo bayarwa. Ni na turo tarakta, da kyakkyawar niyya, ban san na taka al'ada ba. Ko taku ɗaya na ƙasarku ba na nema. Obadiah bai sayar mini da komai ba, ba zai ma iya ba. Ni ban taɓa ganin mai amana irin ɗanku ba. Ku kuka haife shi, amma ni ma ɗana ne."

Mata suka fara "Ayya, ayya." Wata tsohuwa har da share hawaye. Baba Dominic kuwa sai kumbura yake yi, yana waige-waige a tabbatar kowa ya ga wanda ya tsuguna masa.

"Abu ɗaya na zo roƙo," in ji Alhaji. "Aronsa. Gobe muna da ɗan wasanmu na tsofaffi, ni kuma idona ya yi rauni, in ba shi ba na iya ko taku. Ku ara mini shi."

Baba Dominic ya yi gyaran murya. Ya dubi goron, ya dubi Enoch, sannan ya dubi Obadiah.

"Obadiah, ka ji. Babban mutum ya taka har ƙofan gidanmu, ba a mayar da shi hannu banza. Abin kunya ne ga dukanmu. Tashi ka bi oganka. Gayya kuma ba za a fasa ba, dawa ya riga ya jiƙa, an gaya ma mutane. Enoch zai tara tudu na farko."

Alhaji ya ce madalla, Allah ya saka da alheri, ka ga an taimaka maka ma. Shi bai san me aka faɗa ba. Amma duk wanda ke tsaye a gindin mangwaron nan ya sani, har yara. Wanda ya tara tudun farko shi ke da doyar, mai doya kuma shi ke da gonar baɗi da baɗin baɗaɗa.

Obadiah ya miƙe tsaye da garmar a hannu. Ya dubi Magdalene, tana bakin ƙofa da muciya, ta kafe shi da ido ba ta ko ƙiftawa. Kalma ɗaya ake nema, a'a, kuma wallahi ta zo masa har kan harshe. Ya ja numfashi ya buɗe baki.

Daidai nan Alhaji ya yunƙura zai tashi daga tsugunon. Gwiwa ta ƙi. Ya yi taga-taga, rigar ta harɗe shi, ya miƙa hannu yana laluben iska a gefen da ba kowa.

"Obadiah… kama ni."

Garmar ta faɗi ƙasa. Kafin ya san me yake yi ya riga ya tallafe shi, ya miƙar da shi, ya karkaɗe masa rigar, ya jawo takalman ya saka masa ɗaya bayan ɗaya. Alhaji ya riƙe damtsensa gam bai sake saki ba, a haka suka taka har mota, jama'a na ta sa albarka.

Magdalene ta shiga ɗaki ta fito da Gana-mas-go ɗin, ta ba Sadisu ya sa a but. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta sunkuyo ta taga ta gaishe da Alhaji da ladabi, ta tambayi Hajiya da yara, sannan ta dubi mijinta.

"Akwai wanki biyu da bai bushe ba. In Rose ta zo zan ba ta ta kawo maka."

Motar ta juya. Ta madubi Obadiah ya ga Enoch ya sunkuya ya ɗauki garmar, yana gwada nauyinta a hannu, yana duba sabuwar ƙotar.

Sun hau kwalta Sadisu ya ƙara sanyin mota. Alhaji ya jingina ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda ya sauke nauyi.

"Mutanen kirki ne danginka, Malam Obadiah. Ka ga magana ta mutu, ba sauran rigima."

"Na gode, ranka ya daɗe."

"Ba komai, ai yi wa kai ne. Yauwa, sandar nan da ta karye. Wani ya ce mini in aka sa gam mai kyau aka naɗe da zare za ta koma. Me ka gani?"

Obadiah ya dubi gonakin mutane suna wucewa ta gilashi.

"Za ta kama, oga. Sai dai ba za ta yi gobe ba. Gobe sai mu yi da ƙaramar sandar."